Lokokin ma'aikata masu lambar sirri: abin da na gani bayan wata goma sha huɗu da satar waya ɗaya

A wurin da nake aiki ba a yarda ma'aikaci ya shiga zauren aiki da waya ko jaka ko agogo ba, kuma sai mutum ya tuɓe kayan gida ya sa na aiki kafin ya ƙetare ƙofar ciki. Shekaru da yawa abin da muke da shi shi ne tsofaffin lokokin ƙarfe, wato akwatunan ajiye kayan ma'aikata, da kowa ke sayo wa kwaɗo daga aljihunsa, har ranar da hukumar ma'aikatar ta ɗauko hayar wani kamfani da ke girka lokoki masu lambar sirri, yake kuma kula da su a kan yarjejeniyar shekara-shekara. Na yi amfani da waɗannan lokoki wata goma sha huɗu, an kuma sace mini waya daga cikin ɗaya a wata na tara, saboda haka ina ganin na san su a lokacin lafiya, na kuma san su a ranar da ake bukatarsu da gaske. Ba zan ambaci sunan ma'aikatar ko na kamfanin ba, domin irin wannan tsari ya yaɗu, kuma abin da zan faɗa ya shafi duk wanda aka ce ya ajiye kayansa a bakin ƙofa kafin ya fara aiki.

Zan fara da abin yabo, domin akwai shi. Ƙarfen lokokin mai kauri ne, ƙofar ba ta lanƙwasa idan aka danna ta da gwiwa kamar yadda tsofaffin suke yi, kuma maƙalan ƙofar suna ciki, ba a waje ba, ta yadda mai sukurdireba ba zai kwance su ba. Kowace loka tana da ƴan ramukan iska a sama da ƙasa, da ƙugiyar rataye riga, da ƙaramin kanta da ke raba takalmi da sauran kaya, abin da duk wanda ya taɓa cusa farar riga a kan takalmin da ya sha ruwan sama zai gode wa. Ana kullewa ne da lamba huɗu da mutum ya zaɓa da kansa: ya tura ƙofa, ya danna lambarsa, makullin ya yi ƙara sau biyu, jar fitila ta haska, shi ke nan. Idan aka danna lambar da ba daidai ba sau uku a jere, makullin yakan yi shiru na ɗan lokaci ya ƙi karɓar komai. Rigimar ɓatan makulli, da neman guduma a fasa kwaɗon wanda ya bar nasa a gida, duk sun kau tun makon farko, kuma sau biyu da batirin lokar da na kama ya yi sanyi, makullin ya riƙa gargaɗi kwanaki kafin ya mutu, ma'aikacin kamfanin kuwa ya zo ya canza shi ba tare da na bi kowa ba.

Aibobin yau da kullum ƙanana ne, amma suna taruwa. Lokokin ba su kai yawan ma'aikata ba, don haka aka saita su yadda kowa zai kama wadda ya samu a buɗe ya sake ta idan ya tashi, wanda ke nufin a lokacin da masu aikin rana ke fita masu aikin dare ke shiga, mutum yakan danna lambarsa da kafaɗun mutum uku a bayansa. Lamba huɗu tana iya haɗuwa ta hanya 10,000, amma ɗan Adam ba ya zaɓe kamar na'ura, kuma na ga da idona abokan aiki suna sa 1234 ko shekarar haihuwarsu, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a takardun da suke cikewa a ofis. Madannan roba ne, bayan ƴan watanni waɗanda aka fi taɓawa suka fara ƙyalli. Kamfanin yana da samfurin da ake buɗewa da katin ma'aikaci maimakon lamba, sai dai shi ma ya danganta da irin katin, tunda tun a 2008 masu bincike a Jami'ar Radboud da ke Holan suka nuna cewa ana iya kwafar katin MIFARE Classic, wanda aka daɗe ana amfani da shi a ƙofofin ofisoshi.

Ranar da abin ya faru ina aikin dare. Na ajiye waya da walat da makullin gida da misalin ƙarfe goma saura, na kulle, na ja ƙofar don in tabbatar, kamar yadda na saba. Da asuba na dawo na danna lambata, ƙofa ta buɗe lafiya lau, riga tana rataye yadda na bar ta, walat yana nan da katunansa, waya ce kawai babu. Ba alamar ɓalle, ba ƙarzuwa a jikin ƙarfe, babu komai a ƙasa. Wannan tsaftar ce ta fara zame mini matsala, domin da na kai ƙara wurin shugaban aikin dare, abin da ya fara tambayata shi ne, "Malam, ka tabbata da ita ka zo?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, da ita na kira gida a bakin ƙofa, maigadi ma yana tsaye." Ya gyaɗa kai, ya rubuta a littafinsa, sannan ya nuna mini allon da ke manne a bango sama da lokokin, wanda kamfanin lokokin ne ya kawo shi tare da kayansa, an rubuta cewa ma'aikata ba ta ɗaukar alhakin duk abin da ya ɓata ko ya lalace, kowa ya ajiye kayansa ya ajiye ne a kan alhakin kansa.

A kan wannan allo nake so in tsaya, domin yana cikin abin da kamfanin ke sayarwa, kuma mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar an manna shi magana ta ƙare. Gaskiya ce cewa asalin ƙa'ida a ƙasashen da ke bin tsarin shari'ar Ingila ba ta goyon bayan ma'aikaci. A shari'ar Deyong da Shenburn ta 1946, an sace tufafin wani ɗan wasan kwaikwayo daga ɗakin canza kaya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ce wanda ya ɗauke shi aiki ba shi da wani nauyi na tsare masa kaya daga ɓarayi, nauyin da ke kansa na kare lafiyar jikinsa ne. A 1957 aka maimaita wannan hukunci a kan wani likita mai suna Edwards, wanda aka kwashe wa kaya a ɗakin kwanan ma'aikatan asibiti. Wato zaman mutum ma'aikaci kawai bai mai da uban gidansa maigadin aljihunsa ba, kuma wanda ya bar wayarsa a kan tebur ya fita, da wuya ya samu abin kamawa.

Amma halin wanda aka tilasta wa ya rabu da kayansa dabam ne, kuma dokoki da yawa sun lura da wannan bambanci. A Birtaniya, ƙa'idojin lafiya da walwalar wurin aiki na 1992 sun wajabta a tanadi wurin ajiye tufafin da ma'aikaci ba ya sawa a lokacin aiki, kuma inda aikin ke bukatar canza kaya, dole wurin ya kasance da tsaron da ya dace. Kotunan ƙwadago na Jamus sun daɗe suna raba kayan ma'aikaci gida-gida: abin da ba makawa sai ya zo da shi, irin su tufafi da katin shaida da ɗan kuɗin mota, da abin da aikin kansa ke bukata, waɗannan mai aiki, wato wanda ya ɗauki ma'aikacin, yana da nauyin tanadar musu ma'ajiya mai tsaro, amma abin da ba ruwansa da aiki, mai shi ne ya jawo wa kansa. Shi ya sa wani ma'aikacin asibiti da ya ce ya zuba kayan ado da agogunan da suka kai kusan Yuro 20,000 a lokar teburinsa aka sace, ƙararsa ba ta kai ko'ina ba, maganar ta ƙare a kotun ƙwadago ta Hamm a 2016. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, sashe na 2802 na dokar ƙwadago ya ɗora wa mai aiki biyan asarar da ma'aikaci ya yi kai tsaye saboda sauke aikinsa, kuma a 1983 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yi amfani da shi a kan kayan aikin wani bakanike da aka sace a harabar kamfanin da yake wa aiki. Ko a fiƙihu, wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya ramuwa idan kaya sun salwanta, sai fa in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kuma duk rigimar takan koma kan wannan togiya.

Shi kansa allon ba shi da ƙarfin da ake zato. A shari'ar Olley da otal ɗin Marlborough Court ta 1949, wata mata ta biya kuɗin ɗaki a teburin karɓar baƙi, sai da ta hau sama ta tarar da sanarwa a ɗakin cewa otal ba ya ɗaukar alhakin kayan da aka sace, daga baya wani ya ɗauki makullinta a wurin ajiye makullai ya kwashe mata kaya masu tsada. Kotu ta ce sanarwar da mutum bai gani ba sai bayan an ƙulla yarjejeniya ba ta shiga cikin yarjejeniyar. Ni na sa hannu a takardar ɗaukata aiki shekaru kafin a manna allon nan, kuma ba wanda ya kawo mini wata takarda in sa hannu a kansa. Bayan haka, dokar Birtaniya ta 1977 a kan sharuɗɗan yarjejeniya marasa adalci ta ce ba a iya kauce wa alhakin asarar da sakaci ya jawo ta hanyar sanarwa sai idan sharaɗin ya dace da hankali. Kowace ƙasa da nata tanadin, kuma wanda abin ya shafa sai ya tuntuɓi lauya ko wakilin ƙungiyar ƙwadago a inda yake, amma darasin da na ɗauka shi ne allo yana iya kare mai aiki daga ɓarawon da ya haura katanga duk da an yi tsaron da ya kamata, ba lallai ya kare shi daga sakacinsa ba.

To ina sakacin yake a lamarin da ƙofa ta buɗe da lambata kamar ba a taɓa ta ba? Amsar tana cikin abin da takardar tallan kamfanin ta ambata a layi ɗaya ta wuce. Kowane makulli irin wannan yana da wata lamba ta biyu da ke buɗe dukkan lokoki, wadda muke kira uwar lamba, an tanade ta ne don wanda ya manta tasa ko don bincike, kuma idan aka buɗe da ita aka mayar da ƙofa, lambar mai lokar tana nan daram. Da tsohon kwaɗona ni kaɗai ke da makulli, don haka ma'aikata tana iya cewa wuri kawai ta ba ni, kaya suna hannuna. Da sabon tsarin kuwa akwai wani hannu da ke iya shiga lokata a kowane lokaci ba da sanina ba, wannan kuwa ya fi kusa da ajiya, kuma a tsarin shari'ar Ingila wanda ya karɓi ajiya shi ne zai kawo hujjar cewa ya kula da ita yadda ya kamata idan ta ɓata. A shari'ar Morris da kamfanin C. W. Martin ta 1965, ma'aikacin da aka damƙa wa wata rigar gashi mai tsada don ya tsaftace ta shi ne ya sace ta, kotu ta ce kamfanin zai biya, domin wanda ya ɗora a kan amanar ne ya ci ta. Da ɗan gari akan ci gari, kuma mai aikin da ya raba makullin kowa ga mutanen da ya zaɓa da kansa ba zai ce bai san da zamansu ba.

Makullan suna da wata baiwa da na ɗauka ita ce mafi daraja a cikin duk tsarin: kowannensu yana riƙe tarihin buɗewa da rufewa na baya-bayan nan, da lokacin da aka yi, da kuma ko lambar mai loka aka yi amfani da ita ko uwar lamba. Washegari na kira layin taimakon kamfanin, wata mata mai ladabi ta ɗauka, ta jajanta mini, sannan ta bayyana cewa ba ni ne abokin cinikinsu ba, ma'aikatata ce, don haka ba za su sauke tarihin makulli ba sai da buƙata a rubuce daga sashen kula da ma'aikata. Na fahimci dalilinsu, domin ba daidai ba ne kowa ya kira ya nemi sanin lokacin da wani ya buɗe lokarsa. Abin da ban fahimta ba shi ne yadda ta tabbatar mini da bakinta cewa ma'ajin makullin ƙarami ne, sabon shigarwa yana goge tsoho, amma duk da haka ba su da wata hanya ta daskarar da tarihin loka da zarar an kai ƙarar sata. Lokar da mutum uku ke amfani da ita a rana tana cinye tarihinta da sauri. Da ban roƙi maigadi ya manna takarda a ƙofar ya hana kowa taɓa ta ba, da shaidar ta goge kanta kafin takardar buƙata ta fito daga ofis.

Sai da wakilin ƙungiyarmu ya sa baki aka rubuta takardar, aka kuma yi kwana goma sha ɗaya kafin injiniyan kamfanin ya zo da ƴar na'urarsa ya jona a ƙarƙashin madannan. Muna tsaye mu huɗu ya karanto: an kulle da lambar mai loka ƙarfe 9:52 na dare, an buɗe da uwar lamba ƙarfe 2:41, an mayar bayan ƙasa da minti ɗaya, an buɗe da lambar mai loka ƙarfe 6:07 na safe. Manajan sashen ya yi shiru. Da aka bi diddigi, sai ga shi ba a taɓa canza uwar lambar ba tun ranar da aka girka lokokin, mutum bakwai aƙalla sun san ta, biyu daga cikinsu sun bar aiki, kuma a rubuce take a bayan murfin littafin masu gadi. Tarihin bai nuna wanda ya danna ta ba, tunda lamba ɗaya ce ga kowa, kyamara kuma ba a sa ta a ɗakin canza kaya, wanda daidai ne, ta bakin ƙofar ɗakin kuwa an riga an goge hotunan daren. Har yau ban san wanda ya ɗauki wayar ba. Na kai rahoto ga ƴan sanda da lambar IMEI mai alƙaluma 15, wato lambar shaidar wayar, wadda na taɓa kwafewa ta hanyar danna *#06#, na toshe layina, na goge abin da ke cikin wayar daga nesa, iyakar abin da ke hannuna ke nan.

A nan nake ganin laifin kamfanin lokokin ya fi na ma'aikatata nauyi ta wata fuska, duk da cewa ba su ne suka rubuta lamba a bayan littafi ba. Su ne gwanaye, su ke zuwa duba makullai duk wata uku, suna karɓar kuɗin kulawa, amma a cikin ziyara uku ba wanda ya tambaya ko an canza uwar lamba. Injiniyan ya ce yana cikin littafin jagora cewa abokin ciniki ya canza ta, na kuma yarda yana ciki. Daga baya na gane cewa makullan suna iya ɗaukar uwar lamba fiye da ɗaya, kowane shugaban aiki da tasa, ta yadda tarihi zai nuna ko wane ne ya buɗe, kuma saita hakan aikin awa ɗaya ne da ba a yi ba don ba wanda ya nema. Allon kauce wa alhaki kuwa ba sai an nema ba, a cikin kwali yake zuwa tare da kusoshinsa.

Ma'aikatata ta biya ni kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin wayar bayan wata biyu, bisa lissafin cewa ta shekara ɗaya da rabi a hannuna, kuma takardar biyan ta kira kuɗin kyautatawa, ta ƙara da cewa biyan ba amsa laifi ba ne. Na karɓa, domin kai ƙara kotu a kan waya ɗaya, da kuma ƙarar wanda kake ci gaba da yi wa aiki, ba ƙaramin abu ba ne. A wajen tattaunawar ne na ji cewa inshorar ma'aikatar ta rufe gini da injuna da raunin ma'aikata, kayan aljihunmu ba sa ciki, abin da ya bayyana mini dalilin da ya sa aka yi ta jan ƙafa tun farko. Rasit ɗin sayen wayar, da rahoton da na sa shugaban aikin dare ya sa wa hannu da asubar ranar, su ne suka hana a ce mini ai ba a san ko da ita na zo ba.

Ga mai ma'aikatar da ke tunanin ɗauko irin wannan hidima, ƙarfen da makullin sun cancanci kuɗinsu, kuma ba zan so a mayar da mu zamanin kwaɗo ba. Sai dai ya sa a cikin yarjejeniya cewa kowane mai iko zai samu uwar lambarsa dabam, a soke ta ranar da ya bar aiki, kada a buɗe lokar kowa sai da mutum biyu da rubutu a rajista, kuma idan an kai ƙarar sata a sauke tarihin makullin cikin kwana ɗaya ko biyu a ba mai ƙara kwafi. Ga ma'aikacin da aka kawo wa su ba da shawararsa ba, ya tambayi su wa ke da uwar lamba da kuma ranar da aka canza ta ta ƙarshe, kuma ya nemi amsar a rubuce. A wurinmu yanzu shugabannin aiki uku ne ke da ita, kowa da tasa, an kuma ƙara jere ɗaya na lokoki don rage cunkoso. Ni na koma zuwa aikin dare da ƙaramar tsohuwar waya mai madannai, babbar ina barin ta a gida. Allon yana nan a inda yake, sama da loka ta goma sha bakwai, sai dai wani ya ja layi da biro a ƙarƙashin kalmar alhaki.